Matakan Sanya wa Yanar Ido Lamba a Fayil ɗin Majiyyaci

Ma'aikacin ɗakin ajiye bayanai a asibitin ido a Legas, ko a Agege yake ko a Idi-Araba, zai fara ne da karanta rubutun likita daga farko har ƙarshe, domin musabbabin yanar ne ke tantance lambarta a ICD-10, wato kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Idan tsufa ne ya kawo ta, sai a buɗe rukunin H25. Ana sa H25.1 idan tsakiyar ƙwayar idon ce ta dushe, H25.9 kuma idan likita bai fayyace nau'inta ba, kodayake komawa a tambaye shi ya fi yawan dogaro da wannan lambar.

Yanar da ta biyo bayan rauni, kamar ta ɗan acaɓan da tsakuwa ta bugi idonsa, tana ƙarƙashin H26.1, wadda magani ya haddasa kuwa H26.3. Jaririn da aka haifa da ita Q12.0 ake rubuta masa.

Mai ciwon sukari lamba biyu yake bukata: ta sukarin tukuna, sannan H28.0. Bayan haka a rubuta idon da ya kamu, dama ko hagu, da kalmomi, saboda lambobin ba sa nuna ɓangare.