Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin sakta da adireshi a cif ɗin filash na SPI

Yawancin ɓarnar da ake yi wa cif ɗin filash na SPI, wato ɗan guntun ma'ajiyar bayanai da ke riƙe abin da aka rubuta ko an yanke wuta, wanda ake magana da shi ta layukan sadarwa da ake kira SPI, tana faruwa ne saboda mai rubuta manhaja ya ɗauka cewa karatu da rubutu da gogewa duk da mudu ɗaya ake auna su. A W25Q32 na kamfanin Winbond ana iya fara karatu daga kowane bayit, rubutu kuwa ba ya ƙetare shafi mai bayit 256, sannan mafi ƙanƙantar abin da ake iya gogewa shi ne sakta mai bayit 4096, wato shafuka 16. Lambar 32 da ke cikin sunan ma megabit take nufi, kuma bit takwas ne bayit ɗaya, don haka megabayit 4 ne kacal, sakta 1024.

Kuskuren da ya fi muni shi ne aika lambar sakta a maimakon adireshinta. Umarnin gogewa na 0x20 (0x alama ce ta lambar da aka rubuta da ƙirgen gida 16) yana jiran adireshi mai bayit uku, babban bayit a gaba. Wanda ya nufi sakta ta 5 ya aika 0x000005, to sakta ta 0 ce za ta tafi, domin a cikinta wannan adireshin ya faɗa, kuma sau da yawa nan ake ajiye manhajar da ke tada na'urar. Gyaran shi ne a ninka lambar da 4096, a aika 0x005000.

Iyakar shafi ita ma tarko ce, domin cif ɗin ba ya nuna alamar an yi kuskure. Idan aka fara rubuta bayit 32 daga 0x0000F0 da umarnin rubutu na 0x02, guda 16 ne za su zauna inda aka nufa, sauran 16 kuma su zagaya su koma 0x000000, farkon shafin. Dole a lissafa wurin da ya rage a shafi, a raba rubutun gida biyu, a aika 0x06, umarnin ba da izinin rubutu, kafin kowanne, a kuma jira bit ɗin BUSY, mai nuna cif na kan aiki, ya sauka.

Rubutu a kan tsohon bayani ba ya maye gurbinsa. Gogewa ce take mayar da komai 0xFF, rubutu kuwa 1 kawai yake mayarwa 0, shi ya sa 0xF0 a kan 0x0F yake ba da 0x00. Canza bayit ɗaya yana bukatar a kwashe saktar duka zuwa RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta na'urar, a gyara, a goge, a mayar.

Ita kanta kalmar sakta ba ma'ana ɗaya take da ita a ko'ina ba. A cif ɗin M25P32 kilobayit 64 ce, ana goge ta da 0xD8, alhali Winbond na kiran wannan girman bulok. A ganina, duk manhajar da ba ta fara tambayar cif sunansa da 0x9F ba, caca take yi.

Adireshi mai bayit uku kuma megabayit 16 kawai yake kaiwa. Cif ɗin W25Q256, wanda ya fi haka girma, yana shiga yanayin adireshi mai bayit huɗu da 0xB7, amma idan aka sake tada na'urar ba tare da yanke wuta ba, cif ɗin zai ci gaba da jiran bayit huɗu yayin da ake aika masa uku, sai na'urar ta ƙi tashi. Ana kauce wa wannan da umarnin karatu na 0x13, wanda yake karɓar bayit huɗu ba tare da an sauya yanayin cif ɗin ba.