Karate, judo ko taekwondo: kurakuran da mata ke yi wajen zaɓen wasan kare kai

Shekara shida ke nan ina zuwa horo, kuma tambayar da ƴan mata suka fi yi mini a nan Damagaram ita ce: "Tanti, wanne ya fi, karate ko taekwondo?" A wannan tambayar kuskuren farko yake. Sunan wasa ba ya kare kowa. Abin da ke kare ki shi ne irin horon da ake yi a wurin, da halin mai koyarwa, da yawan zuwanki. Da ki shiga wasan da duniya ke yabo a hannun metir, wato mai koyarwa, maras kula, gara ki shiga wanda ba a san shi sosai ba a hannun mai haƙuri da sanin aiki.

Na san abin da ya sa taekwondo ke fara zuwa a bakin kowa. Tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo wa Nijar lambar azurfa daga wasannin Olamfik na Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, yara maza da mata suka ɗauki son wasan. Abin alfahari ne, kuma taekwondo na ba da saurin ƙafa da numfashi da sanin tazara tsakaninki da mutum. Amma a gasa, maki mafi tsoka yana wurin harbin kai da harbin juyi, kuma an hana riƙo da kayarwa. Yanzu dubi kanki a hanyar dawowa daga kasuwar Dole: zane ko abaya, hijabi har gwiwa, silifas, leda a hannu, yashi a ƙasa. Ƙafar da za ki ɗaga har kan namiji a wannan shigar, ita ce za ta kayar da ke. Ba sai kin bar taekwondo ba. Ki roƙi metir ya riƙa ware lokaci don harbin ƙasa, wato gwiwa da ƙwauri, da bugun tafin hannu, da yadda ake ƙwace wuyan hannu. In ya ce wannan ba ya cikin tsarinsa, kin san gasa kawai yake koyarwa, sai ki nemi ƙarin a wani wuri.

Kuskuren da ya fi ci mini rai kuwa, wanda ni ma na faɗa ciki, shi ne horon da babu turjiya. Shekarata ta farko na yi ta ne a wani wuri inda kullum muke jere a layi muna naushin iska, muna haddace jerin motsi. In an zo gwajin kare kai, abokiyar horo za ta miƙo hannu a hankali, ta tsaya cak, ni kuma in murɗe shi yadda aka nuna, ta faɗi da kanta. Na ɗauka na iya. Wata rana a gida na ce wa ƙanena, yaro ɗan shekara goma sha biyar, ya riƙe hannuna da gaske kada ya saki. Na yi duk abin da na koya, ban ƙwace ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba, don na gane da wani ne a lungu, da babu abin da zai cece ni daga cikin abin da na haddace. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka, kafin ki biya ko dala, ki je ki zauna ki kalli horo guda daga farko har ƙarshe. Shin akwai lokacin da mutum biyu ke gwabzawa, kowa na ƙoƙarin hana ɗan'uwansa, da kariya a jiki da kulawar metir? In babu, ki ci gaba da nema.

A nan ne judo ya fi ƙarfi, kuma shi nake fara ba mace shawara in akwai shi kusa da ita. Jigoro Kano ne ya kafa shi a Japan a 1882, kuma tun asali gwabzawa da mai turjiya na cikin horonsa. Wanda zai cutar da mace ba kasafai yake tsayawa nesa yana dambe da ita ba. Riƙo yake yi, ya ja hijabi, ya tura ta bango ko ya kai ta ƙasa. Judo kuwa duk aikinsa riƙon tufa ne, da tsayuwa daram in an ja ki, da tashi in an danne ki. Abu na farko da ake koya miki shi ne faɗuwa ba tare da kai ya bugu ba, kuma wannan ko daga kan kabu-kabu kika zame zai yi miki rana. Mu da muka tashi muna sauraron kokowar takobi a rediyo, mun san cewa wanda ya iya riƙo da kafa ƙafa ba ya faɗuwa da arha. Damben zamani ma yana da kyau ƙwarai, don yana saba miki da ganin hannu na tahowa fuskarki ba tare da kin rufe ido ba. Karate kuma ya danganta da wurin: wani akwai gwabzawa, wani babu.

Sai masu koyo a waya. Bidiyon TikTok da ke nuna mace ta ƙwace wuƙa cikin motsi uku, ko ta kayar da ƙato da yatsa biyu, shiri ne da aka tsara don kallo. Wuƙa ba abin wasa ba ce. In wayarki ko jakarki ake so, ki jefa ta gefe ki gudu ta ɗaya gefen.

Akwai kuma kuskuren zaton cewa haɗarin duka yana wurin baƙo a cikin duhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi, kuma mafi yawansa daga miji ne ko wanda take tare da shi. Sau da yawa mai cutarwar sananne ne: maƙwabci, mai shago, ɗan'uwa, wanda ake jin nauyinsa. A irin wannan hali ba ƙarfi ne ke fara gazawa ba, murya ce. An rene mu da kunya da kawaici, an ce mace ba ta ɗaga murya, sai ga shi lokacin da ya kamata a ce "Sake ni!" harshe ya yi nauyi. Wani bincike da aka buga a 2015 a kan ɗalibai mata na jami'o'in Kanada ya nuna cewa horon awa 12 kacal, wanda ya haɗa gane haɗari da wuri, da ƙin yarda da baki, da ƴan dabarun jiki, ya rage fyaɗe da kusan rabi cikin shekara guda. Awa goma sha biyu ba sa mai da kowa gwanar faɗa. Abin da suka koya shi ne saurin ganewa da saurin tsawa. Don haka ki tambaya ko a wurin ana sa ku yin ihu da gaske, ana gwada yanayin da wani ya tare hanya yana magana mai daɗi. In ba a yi, ku haɗu ku uku ko huɗu ku riƙa gwadawa a tsakar gida. Da farko za ku ji kunya, daga baya muryar za ta buɗe.

Game da metir, kada baƙar ɗamara, alamar ƙwarewa a wasan, ta rufe miki ido. Ki tambaya ko kulob ɗin na da rajista da hukumar wasan ta ƙasa, ko akwai wasu mata, da tsawon lokacin da suka yi a wurin. Ki ja ɗaya gefe ki tambaye ta. Metir da ke son ya ware ki ke kaɗai bayan kowa ya tafi, ko yake taɓa ki ba tare da ya nemi izini ba, ko yake yi wa mata dariya in sun gaza, ki bar wurinsa ranar, ko da kin biya kuɗin wata. Ki tafi da yayarki ko mahaifiyarki a zuwan farko. Wannan ma yana sauƙaƙa samun yardar gida, don iyaye da yawa ba wasan suke ƙi ba, rashin sanin inda ƴarsu take ne ke damun su.

Wasu kuma sun fasa tun kafin su fara saboda sutura. Hedaya Malak ta Masar da kanta a rufe ta ci tagulla a taekwondo a Rio, ta sake ci a Tokyo. Kayan horo dama dogon wando ne da riga mai dogon hannu. Abin kiyayewa kawai shi ne ɗankwali mai kama kai, ba fil ba allura, kuma ba mai dogon jela da zai shaƙe ki ba. Amma ina ba da shawara, ko sau ɗaya a wata, ku yi gwaji da kayan da kuke fita da su, domin ki san iya takun da zanenki ke bari, da abin da za ki yi in an ja hijabinki ta baya.

Kuskure na ƙarshe shi ne na nisa da lokaci, kuma shi ya fi cinye mata. Yarinya na zaune a unguwar Birni, ta yi rajista can ƙarshen gari don an ce metir ɗin ya fi suna, ana tashi bayan isha. Kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa ya fi kuɗin horon, ga tafiyar dare da ita kanta haɗari ce. Wata biyu ta daina. Ki zaɓi inda za ki iya zuwa sau biyu a mako shekara guda cur, ki dawo gida da sauran haske ko tare da abokiyar tafiya. Ki kuma tambaya tun farko yadda suke yi a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da kuma lokacin azumi. Wurin da ya san aikinsa yana mai da horo sanyin safiya ko ya rage nauyinsa, ba ya rufewa wata biyu. Ki riƙa tafiya da gorar ruwanki, ki sa lambar ƴan sanda, 17, a wayarki, sannan wani a gida ya san ranakun horonki da lokacin da kike tashi.