Ga Mai Son Zama Malamin Tuƙin Jirgi a Amurka

Yawancin 'yan'uwan da ke zuwa Amurka koyon tuƙin jirgin sama, kamfanonin jigilar fasinja suke hange. To amma tun 2013, bayan hatsarin jirgin fasinja da aka yi kusa da birnin Buffalo a 2009, galibi sai mutum ya tara awa 1,500 a sama kafin a ɗauke shi ko da mataimakin matuƙi. Lasisin tuƙin haya kuwa da awa 250 ake samunsa, ko ma ƙasa da haka a wasu makarantu. Da koyarwa akasari ake cike wannan giɓi: ana biyanka, awoyinka na taruwa. Takardar malanta ita ce CFI, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ce ke bayarwa.

Kafin ka biya ko dala ɗaya, duba bizarka. Makarantu da yawa bizar M-1 suke nema wa ɗalibi, ita kuwa damar aikin da ke cikinta ba ta wuce wata 6 ba. Mai bizar F-1 na iya samun izinin aiki na wata 12 bayan kammalawa. Ka tambayi makaranta wace ce za ta nema maka, kuma a rubuce za su ba ka amsa. Wanda ba ɗan ƙasa ba sai hukumar tsaron sufuri, TSA, ta tantance shi, har da ɗaukar hoton yatsu. Ka ga likitan da FAA ta amince da shi tun da wuri, kada sai ka kashe kuɗi a gano matsalar ido.

Sharuɗɗan ba su da yawa: shekara 18, Turanci, lasisin tuƙin haya, da shaidar iya tuƙi da na'urori kaɗai idan gajimare ya rufe. Jarrabawar kwamfuta biyu ce, ɗaya kan dabarun koyarwa, ɗaya kan jirgi, kowacce da kashi 70 ake ci. Littattafan FAA kyauta ne a intanet. Akwai kuma horo kan yadda za ka ceto jirgi in ya yi katantanwa yana faɗowa.

Inda gizo ke saƙar shi ne baki. Za ka koma kujerar dama, inda malami ke zama, hannun da ya saba da sitiyari ya koma kan totur, layin tsakiyar titin jirgi ya riƙa yi maka kamar ya karkace. Wannan da 'yan awoyi hannu zai saba. Amma ka sauke jirgi kana bayanin abin da kake yi, cikin Turanci, rediyo na ta surutu a kunnenka, wannan sai an sha gumi. A ranar gwaji, mai jarrabawa zai zauna kamar ɗalibin da bai san komai ba, ya ce ka nuna masa a allo abin da ke ɗaga jirgi sama. Awoyi ake yi ana wannan kafin a je wajen jirgi. Hadda ba ta fid da mutum a nan. Ni a ganina, ka rubuta darussanka da hannunka, ka zaunar da abokin zamanka wanda bai taɓa shiga ƙaramin jirgi ba, ka koya masa. In ya yi shiru yana gyaɗa kai kawai, bai gane ba, sake.

Sai maganar kunya, wadda aka raine mu da ita. Wani ɗalibin naka zai kai sa'an mahaifinka, ƙila likita ne ko lauya. In ya nufi ƙasa da gudun da ya wuce ƙima, ba a cewa "Baba, da ka ɗan rage". Da murya sama za ka ce jirgi ya dawo hannunka, ya amsa ya saki, ka sake tabbatarwa. Haka nan in ya matsa sai ka sa masa hannu ya tashi shi kaɗai alhali bai ƙware ba, ka ce a'a. Sunanka da lambar lasisinka ne za su zauna a littafin awoyinsa, kuma in wani abu ya faru, nan masu bincike za su fara buɗewa.