Sana'ar piyano a Saudiyya: yadda ake haɗa koyarwa da hawa dandamali

Duk wanda ya ƙware a kiɗan piyano irin na su Bach da Mozart da Beethoven, gara ya sani tun da wuri cewa wasa a gaban jama'a kaɗai ba ya riƙe gida. Haka abin yake tun zamanin manya. Chopin, da ya zauna a Paris daga 1831, da kuɗin darasi ya fi ciyar da kansa, kuma Clara Schumann ta karɓi aikin koyarwa a Frankfurt a 1878 alhali tana ci gaba da zagayen wasanni. Darasi ne ke kawo kuɗin wata, dandamali kuma shi ke hana hannu mutuwa, shi ke sa iyaye su yarda kai malami ne na gaske. Wahalar sana'ar ita ce hana ɗayan cinye ɗayan.

A nan Saudiyya ƙofa ta buɗe tun da aka kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018 da Hukumar Kiɗa a 2020. Akwai cibiyoyin koyar da kiɗa a Riyad da Jidda da Khobar, ga zauruka irin su Ithra a Zahran da Maraya a Al'ula. Bayanan nan na matashi ne ko matashiya daga gidajen Hausawan Jidda da Makka da Madina, ko wanda ya ƙetaro daga Sudan da ilminsa, wanda yake son abin ya zama sana'a. Kafin komai, a zauna da iyaye. Malamai sun yi saɓani kan kayan kiɗa, gidaje da yawa kuma suna da matsayarsu, don haka kada ka fara a ɓoye, kuma kada ka karɓi yaron da mahaifinsa bai sani ba.

Takardu

Idan igama gare ka, wato takardar izinin zaman baƙo, aikin da ke rubuce a kanta ne kawai doka ta yarda ka yi, a ƙarƙashin wanda ya ɗauke ka. Bin gidaje ana koyarwa ana karɓar kuɗi ba da izini ba yana iya jawo tara ko kora. Hanya mai tsabta ita ce kwantiragi da cibiya mai lasisi. Ɗan ƙasa yana iya neman takardar sana'ar kai, sannan ya duba lasisin da Ma'aikatar Al'adu ke bayarwa ta dandalinta na Abde'a.

Shaidar ƙwarewa da cibiyoyi da iyaye suka fi sani ita ce ta ABRSM da ta Trinity, hukumomin jarrabawar kiɗa ne, duka daga Ingila. Matakai takwas ne, sai difloma a samansu. Wanda bai wuce mataki na 8 ba bai kamata ya kira kansa malamin piyano ba, domin zai gadar wa yara kuskuren da shi kansa bai gane ba.

Piyanon kansa da yanayin garinku

Piyano madannai 88 gare shi, farare 52 da baƙaƙe 36. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe wajen 230, waɗanda jansu gaba ɗaya ya kai tan 18 zuwa 20. Kowane madanni yana harba ƙaramar guduma mai rufin ulu ta bugi tsirkiya, sai wani faffaɗan allon katako da ke baya ya ƙara wa sautin ƙarfi. Wannan katakon shi ne abin da yanayin ƙasar nan ke wahalarwa.

Danshin da piyano ke so yana tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne kada ya riƙa hawa da sauka. A Jidda da Dammam laima ce matsalar: katako ya kumbura, sauti ya haura, madannai su riƙa maƙalewa, tsirkiya ta yi tsatsa. A Riyad da Madina bushewa ce, inda da rani danshi kan faɗi ƙasa da kashi 15: allon ya tsuke har ya tsage, ƙusoshin da ke riƙe tsirkiya su saki, sauti ya zube. Sayi ƙaramin ma'aunin danshi ka ajiye a kan piyanon. A bakin teku ka sa na'urar tsotse laima, a cikin ƙasa ka sa mai fesa tururi. Kada iskar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta riƙa dukan piyanon kai tsaye, kada ya jingina da bangon da rana ke gasawa, kada ya zauna kusa da taga. Babban kuskuren da ake yi shi ne kashe mukayyif a kulle gida wata biyu a tafi hutun rani. Ana dawowa sai a tarar da sauti ya watse.

Mai saita sauti ya zo sau biyu a shekara aƙalla, ya daidaita piyanon a kan ma'aunin sautin da aka saba, wato kaɗawa 440 a daƙiƙa. In an kawo piyanon sabon ɗaki, a bar shi mako biyu zuwa uku ya saba da wurin kafin a saita, in ba haka ba aikin banza ne.

Ga mai koyarwa, piyano mai tsayuwa a jikin bango irin Yamaha U1 mai tsawon santimita 121, ko U3 mai 131, ko takwarorinsu na Kawai, ya wadatar. Nauyinsa ya haura kilo 200, saboda haka kada 'yan dakon unguwa su ɗaga shi a bene ba da kayan aiki ba. In na hannu za ka saya, kada ka biya sai mai saiti ya buɗe shi ya duba tsaga a allo, tsatsa, cin asu a ulu, da ƙarfin ƙusoshi. Wanda sautinsa ya zube da nisa yana iya tsinka tsirkiyoyi yayin ɗaga sautin. Na lantarki yana da amfani don atisayen dare da abin sa wa kunne, muddin madannansa 88 ne masu nauyi. Amma bai isa shirya wasan dandamali ba, domin yatsa ba ya koyon sarrafa launin sauti a kansa yadda ya kamata.

Lokacinka na atisaye

Yara suna makaranta da safe, darussa sai bayan La'asar zuwa bayan Isha'i. Ke nan safiya taka ce, kuma ita ce jarin sana'ar. Ware awa uku zuwa huɗu bayan Asuba ko da hantsi, ka raba su gida-gida, minti 45 aiki minti 10 hutu. Koyarwa kada ta wuce awa 20 zuwa 25 a mako. Wanda ya kwaɗaitu da kuɗi ya cika jadawali, bayan shekara biyu zai ga ya koma buga abin da ɗalibansa ke bugawa kawai.

Atisaye ba maimaita kiɗa daga farko zuwa ƙarshe ba ne. Fara da minti 15 na hawa da saukar sullam, wato jerin sautuka daga ƙasa zuwa sama, don ɗumama yatsu. Sai ka ɗauko wurin da ke ba ka wuya, gaɓa biyu zuwa huɗu (gaɓa ɗan yankin kiɗa ne mai ƙayyadadden bugu), ka rubuta lambar yatsu a kan nota, wato rubutun kiɗan, da fensir kada ka sake canza ta. Buga kowane hannu daban, sannan ka haɗa a rabin gudun da ake buƙata, metronom, na'urar ƙidaya bugu, na bugawa. In ya fita lafiya sau biyar a jere, ƙara gudun metronom da maki huɗu. In ya karye, koma baya. Dalili shi ne hannu yana haddace duk abin da aka maimaita masa, daidai ko kuskure, kuma gogewa ta fi rubutawa wuya. Fedar dama ma, wadda ake takawa don sauti ya daɗe, kada ta zama mayafin ɓoye kuskure: yi atisaye ba ita lokaci zuwa lokaci, za ka ji abin da yatsunka ke yi da gaske.

Koyarwa

Yaro ɗan shekara shida ko bakwai minti 30 ya ishe shi, babba 45 zuwa 60. Darasin farko na zama ne. Kujera ta kai yadda damtse zai yi daidai da madannai, a zauna a rabinta na gaba, ƙaramin yaro a sa masa matashi ko akwati ƙarƙashin ƙafa don kada ta riƙa lilo. Yatsu a lanƙwashe, farce a yanke, wuyan hannu a sake. Yaron da aka bari yana buga da miƙaƙƙun yatsu da ɗagaggen kafaɗa zai kai mataki na uku ko na huɗu ya tsaya cak.

Karatun nota a fara shi tun makon farko. Yaranmu suna da kunne, da sun ji abu sau biyu sun kwaikwaya, kuma nan ne tarkon yake: malami ya yi ta murna, sai bayan shekara ya gano yaron bai iya karanta layi ɗaya ba. Maganinsa minti biyar a kowane darasi na karanta sabon abu da bai taɓa ji ba, kuma kada ka riga shi bugawa.

Kunnen da ya tashi a nan ya saba da maƙamai, wato sullamomin kiɗan Larabawa. Piyano yana iya kusantar Nahawand da Ajam da Kurd da Hijaz, amma ba shi da rubu'in sautin da ke cikin Rast da Bayati. Faɗa wa ɗalibi wannan a fili, don kada ya zaci kayan ne suka lalace. Yaran da suka taso da waƙoƙin Sudan kuwa, baƙaƙen madannai biyar suna ba da sullam mai sauti biyar da suka sani, kuma wannan kyakkyawar mashiga ce.

In za ka kai ɗalibi jarrabawar ABRSM ta ido da ido, makinta 150 ne: kiɗa uku kowanne 30, sullam 21, karatun nota nan take 21, gwajin kunne 18. Da 100 ake ci, 120 yabo, 130 fifiko. Ba a shiga mataki na 6 sai an ci mataki na 5 na ƙa'idojin kiɗa ko makamancinsa, saboda haka a fara wannan da wuri. Iyaye za su matsa a yi jarrabawa kowace shekara. Mu dai ra'ayinmu, yaron da kiɗa uku kacal yake koya a shekara an cuce shi, ko da takarda ta yi kyau.

Maganar kuɗi a gama ta tun ranar farko, a rubuce. A biya na wata a gaba, wanda zai fasa darasi ya sanar kwana ɗaya kafin lokaci. Kunya kan hana mu faɗin wannan ga 'yan uwa da maƙwabta, amma cewa “Hajiya, ga tsarinmu, kowa a kansa yake” tun farko ya fi ɓacin rai daga baya. Lissafa shekararka da makonni 36 zuwa 40, domin azumi da sallah biyu da lokacin jarrabawar makaranta da hutun rani duk suna cin darasi. In a gida ake koyarwa, wani babba ya kasance kusa, ƙofa a buɗe. Gidaje da yawa sun fi son malama ga 'ya'yansu mata, wannan kuma dama ce babba ga matan da suka ƙware.

Hawa dandamali

Manyan gasa irin ta Chopin da aka fara a Warso a 1927, ake kuma yi kusan duk shekara biyar, ta 'yan ƙalilan ce. Yawancin aikin mai piyano rakiya ce: raka mawaƙi, ko mai goge, ko ƙungiyar mawaƙa, da wasa a tarukan cibiyoyi da makarantu da otal. Wanda ya iya karanta nota nan take, ya iya saurare, ya zo a kan lokaci, shi ake sake kira.

Duk da haka, ka ɗora wa kanka wasan kaɗaici ɗaya a shekara, na minti 60 zuwa 70 da hutu a tsakiya, ko a ƙaramin zaure ne. Ga jama'ar da ba su saba ba, gajerun kiɗa da ɗan bayani na jimla biyu kafin kowanne sun fi doguwar sonata ɗaya. Al'ada ita ce a buga da ka. Haddar yatsu kaɗai ita ke fara guduwa idan tsoro ya zo, don haka ka san ginin kiɗan, ka sa alamomi kowace gaɓa takwas ko goma sha shida inda za ka iya tashi daga can, ka kuma iya buga hannun hagu shi kaɗai ba nota. Hadda ta kammala wata guda kafin ranar, sannan ka buga shirin duka gaban mutane kaɗan sau uku ko huɗu, kana ɗauka da waya kana saurara.

Yarjejeniya ta ƙunshi kuɗi, tsawon wasa, wane piyano ne a wurin, da wanda zai biya mai saiti. Nemi awa ɗaya a kan piyanon zauren kafin jama'a su shigo, ka gwada nauyin madannai da feda da kujera. Zaurukanmu sanyin mukayyif gare su, yatsa mai sanyi kuma ba ya gudu. Ka zo da safar hannu, ko ka tsoma hannu a ruwan ɗumi kafin fita.

Hannu

Zafi a wuyan hannu ko gwiwar hannu, ko jin yatsu sun yi sanyi kamar an ɗaure, alama ce ta tsayawa nan take. Yawanci daga ƙara awannin atisaye farat ɗaya ne, ko kujera mara daidai, ko matse tsoka yayin neman ƙara. Akwai kuma cutar da ke sa yatsa ya riƙa naɗewa da kansa ba tare da zafi ba, ita ce ta raba makaɗin piyano Leon Fleisher da amfani da hannun damansa a 1964, ya shafe shekaru wajen talatin yana koyarwa da buga kiɗan hannun hagu. Ƙara lokacin atisaye da minti 15 a mako, kada ka ninka shi ana gobe wasa. In zafin ya wuce mako guda bayan hutu, je wurin likitan ƙashi ko na jijiya, ka gaya masa sana'arka da adadin awannin da kake bugawa a rana.