Idan An Fita Tare: Kurakuran Da Ke Shiga Tsakanin Soja, Ɗan Sanda Da Ɗan Sintiri

Mu da muke ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, inda ƙasar Kano ta haɗa iyaka da Katsina, mun san daren da ƙarar babura ke tayar da gari zaune. An kawo sojoji, akwai 'yan sanda, ga 'yan sintiri, ga mafarauta. Hannu ya yi yawa, alhamdu lillahi. Amma ni da nake riƙe da littafin kwamitin tsaro na garinmu, abin da ya fi hana ni barci shi ne kada wata rana namu ya harbi namu.

Kuskuren da ya fi kowanne cin rai shi ne fita ba sanarwa. An kore shanu, jini ya hau, samari goma sun hau babura da adaka a kafaɗa, rawani ya rufe fuska saboda ƙura. To ka faɗa mini, sojan da ke kwance a bakin rafi cikin duhu, ko matuƙin jirgin da ke kallo daga sama, da me zai bambanta su da ɓarayin dajin? A Janairun 2025 jirgin yaƙi ya saki wuta a Tungar Kara ta jihar Zamfara, cikin waɗanda suka rasu har da 'yan sa-kai da suka fito bin sawun ɓarayi. Masu kaki ma ba su tsira ba. A Agustan 2019, kusa da Ibi a jihar Taraba, sojoji sun buɗe wuta kan motar 'yan sandan farin kaya da suka kamo Hamisu Wadume, wanda a lokacin ake zargi da garkuwa da mutane, 'yan sanda uku suka mutu, rundunar soja ta ce ta zaci masu garkuwa da mutane ne. Gyaran bai fi kiran waya biyu ba. Kafin a tayar da babur, mutum ɗaya ya kira sansanin soja da ofishin 'yan sanda: mu nawa ne, babura nawa, ta wace hanya za mu bi, ina za mu tsaya. A sanar da dagaci. A yi kalmar sirri ta daren, gobe a sauya ta. Kuma kada a motsa sai an ji daga bakin wanda aka kira cewa saƙon ya isa ga mutanensa na daji, domin shugaba a ofis ya sani ba ya nufin mai riƙe da kunamar bindiga ya sani.

Sai rikicin wa ke ba da umarni. Kanawa sun taɓa ɗanɗana wannan. A 1903, bayan Turawa sun ci birnin Kano, Sarki Alu ya bar rundunarsa da dare a hanyar dawowa daga Sakkwato. Gari ya waye runduna ta rabu biyu: wasu suka bi Waziri Ahmadu suka gwabza a Kwatarkwashi, inda ya yi shahada, wasu suka bi Wambai Abbas zuwa Kano. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba ranar, kai ɗaya ne babu. Maganar wa ke ba da umarni da rana tsaka ake yanke ta, a ƙofar fadar hakimi, kowa na zaune. Ra'ayina kullum shi ne, kan hanya mafarauci ne a gaba, shi ya san burtali da mashaya da inda yashi ke cin taya. Da zarar wuta ta tashi, magana ta koma bakin kwamandan soja, ba musu.

Akwai raini, kuma ta kowane ɓangare yake zuwa. Mai kaki ya kalli adaka ya yi murmushi, ɗan sintiri kuma ya ce ai su sai ƙura ta lafa suke isowa. Na taɓa ganin wani dattijon mafarauci ya ce wa wani matashin jami'i, "Yallaɓai, hanyar nan ba ta yi mini ba, sawun da na gani na jiya ne." Aka amsa masa, "Baba, bar mana aikinmu." Tun daga ranar Baba ya kama bakinsa, ko ya ga abu ba ya faɗa. Mun yi wata muna bikon sa. Labarin da aka riƙe a ciki saboda fushi, ɓarawo ne ke cin ribarsa.

Kusa da wannan akwai neman suna. An ƙwato shanu, kafin a dawo da su ga mai su kowace ƙungiya ta ɗora hoto a Facebook tana cewa aikinta ne. Fita ta gaba sai wani ya ɓoye labari don kada a riga shi. A bar sanarwa ga baki ɗaya, a ambaci kowa, kuma kuɗin mai da abincin da gari ya tara a rubuta shi a karanta a fili.

Wani kuskuren da ba a cika magana a kansa ba shi ne janyewa shiru. An ba ƙungiya tsaron mashigar rafi, harsashinta ya ƙare ko an ji wa ɗaya ciwo, sai ta juya gida. Na gefenta suna can suna zaton bayansu a rufe yake. Janyewa ba abin kunya ba ce, amma a faɗa kafin a ɗaga ƙafa, a jira amsa.

Duk wannan ya dogara ga layin da zai shiga, mu kuwa mun san yadda sabis yake a ƙauye. Kada a rataya rayukan mutane a kan waya ɗaya. A haɗa kuɗi a sayi oba-oba, a ajiye ɗaya wurin jami'ai, a riƙa cajin su da sola tun da rana. Lambobin makwabtanmu na ɓangaren Katsina su ma su shiga littafi, tunda ɓarawo ba ya tsayawa a kan iyakar jiha. Mu a garinmu duk ranar kasuwa nakan zauna in kira lambobin ɗaya bayan ɗaya, wadda ba ta shiga ba in aika yaro a babur ya karɓo sabuwa kafin magariba.