Mako biyu a jirgin ƙasa a Suwizalan: kurakuran da aka fi yi wajen tsara tafiya

Taswirar Suwizalan ita ce ke fara yaudarar matafiyi. Ƙasar ba ta wuce murabba'in kilomita 41,000 da 'yan kai ba, jihar Kaduna ma ta ɗan fi ta faɗi. Daga Zurich zuwa Bern awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, zuwa Luzern kuwa ko awa ɗayar ba ta cika. Da mutum ya ga haka sai ya ɗauki biro ya jera garuruwa goma sha biyu a kwana goma sha huɗu, yana ganin ya yi dabara. Ni ma haka na yi a zuwana na farko. Otal tara na kwana a dare goma sha uku, kuma abin da na fi tunawa daga wannan tafiya shi ne ƙarar ƙafar akwatina a kan titunan da aka shimfiɗe da duwatsu.

Wannan shi ne uban kurakurai, sauran duk 'ya'yansa ne. Mutane suna lissafin awannin da jirgi zai yi a hanya, su manta da abin da ke gaba da bayan jirgin. A ce tafiyar awa biyu ce. Da safe ka tattara kaya, ka cusa safar da ka wanke jiya ba ta gama bushewa ba, ka miƙa makulli kafin ƙarfe 10 ko 11. Ka isa sabon gari da tsakar rana, a ce maka ɗaki ba zai samu ba sai ƙarfe 3. Ka bar akwati a wajensu, ka fita yawo rabin hankalinka na kan kayan. Kafin ka zauna ka huta la'asar ta yi. Tafiyar awa biyu ta cinye maka yini guda, gobe kuma a sake.

Gyaran shi ne ka daina ƙirga garuruwa, ka koma ƙirga darare. Masauki huɗu sun isa mako biyu, in an matsa biyar. Da ni zan sake tsarawa, ga yadda zan raba dare goma sha ukun: uku a Luzern, huɗu a kwarin Lauterbrunnen ko ƙauyen Wengen da ke samansa, uku a Zermatt, biyu a Pontresina ko St. Moritz, ɗaya a Zurich. Wani zai ce ina Jeniba, ina Lugano, ina Montreux? Suna nan, ba inda za su. Taura biyu ba ta taunuwa. In tafkin Jeniba ne ya fi kwanta maka a rai, cire yankin St. Moritz ka sa Montreux a gurbinsa, amma kada ka ɗora shi a kai. Bern kuma ba sai ka kwana ba: daga Interlaken, garin da ke kusa da bakin kwarin Lauterbrunnen, ƙasa da awa ɗaya ce, ka je da safe hannu sake, ka dawo da yamma.

Kuskure na biyu ya fi cin kuɗi, kuma shi ya fi ciwo. Shi ne mutum ya yanke wa dutse rana tun yana gida. Ya rubuta Talata hawa Jungfraujoch, Juma'a kallon Matterhorn, kamar dai tsaunin ya sa hannu a takardar. Tashar Jungfraujoch tana da tsawon mita 3,454 daga bakin teku, babu tashar jirgin ƙasa da ta fi ta tudu a duk Turai, kuma tun 1912 jirgi ke hawa can. Cikakken kuɗin zuwa da dawowa daga Interlaken ya haura faranka 200 na Suwizalan. Na sayi nawa tikitin tun da wuri, saboda dare ɗaya kacal na ware wa yankin. Ranar ta zo da hadari. Na hau duk da haka, tunda an riga an biya. Da na fita farfajiyar kallo, sai ka ce an kife mini ƙwaryar nono a fuska: fari sama, fari ƙasa, ga iska mai yanka kunne. Na ɗauki hoton allon da ke nuna sunayen tsaunukan da ya kamata in gani, na koma ciki na sha shayi mafi tsada a rayuwata.

Laifin nawa ne, don kayan bincike suna nan kyauta. Kusan kowane babban dutse yana da kyamarar da ke nuna halin da ake ciki a sama kai tsaye, a intanet ko a allon tashoshi da talabijin ɗin otal. Manhajar MeteoSwiss, hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, tana nuna inda ruwa zai sauka awa bayan awa. Amfanin dare uku ko huɗu a wuri ɗaya ke nan: ka tashi da asuba ka duba, in sama ta washe ka bar duk abin da ka shirya ka hau, in ta haɗe ka sauka gari ko ka shiga jirgin ruwa a tafkin Thun ko Brienz. A lokacin zafi safiya ta fi tabbas, hadari ya fi haɗowa bayan azahar. Matterhorn ma haka yake, mita 4,478 amma yana da kunya, yakan yini da rawanin gajimare. Jirgin Gornergrat yana kai ka mita 3,089 cikin kusan rabin awa daga Zermatt, don haka da ka ga kan dutsen a buɗe, kada ka tsaya karin kumallo mai tsawo.

Kada kuma ka sa wurare masu tudu sosai a kwana biyun farko. Wanda ya kwana a jirgin sama, ya wayi gari a sama da mita 3,000, ciwon kai da haki ne rabonsa. Shi ya sa Luzern ta dace da farko. Dutsen Rigi da ke kusa da ita bai kai mita 1,800 ba, jiki ya fara sabawa a nan.

Sai zancen jiragen kallo, masu manyan tagogi har rufi. Glacier Express yana ɗaukar kusan awa 8 daga Zermatt zuwa St. Moritz, ya ƙetare gadoji 291, ya ratsa ramukan dutse 91, ya haye Oberalp a mita 2,033. Bernina Express kuma kusan awa 4 ne daga Chur zuwa Tirano a Italiya. Akwai masu jera su kwana biyu a jere, wasu har su ƙara GoldenPass na Montreux zuwa Interlaken a rana ta uku. Ido ma yana ƙoshi. Bayan awa biyar, kwarin da jiya za ka miƙe tsaye dominsa, yau kana kallonsa kana gyangyaɗi. Na ga tarago guda bayan abincin rana, rabin mutanen ciki barci suke, ana wuce kwazazzabon kogin Rhine. Ka zaɓi doguwar tafiya ɗaya, ka mai da ita hanyar ƙaura daga masauki zuwa masauki, washegari kuma ka taka ƙasa da ƙafarka. Abin da ba a cika gaya wa baƙi ba shi ne, jiragen yau da kullum suna bin layin dogo ɗaya da waɗannan. Ba sa buƙatar ajiye kujera, alhali a Glacier Express da Bernina Express dole ne ka biya kuɗin kujera daban ko da kana da fas, wato katin shiga jirage na wasu kwanaki. Za ka sauya jirgi sau da dama, amma kana iya sauka a Andermatt ka miƙe ƙafa, ka hau na gaba. Daga Pontresina ma haka: jirgin gari zai kai ka Ospizio Bernina, mita 2,253, ka dawo kafin azahar.

Wasu kuma tsoro ne ke ɓata musu lokaci. Manhajar SBB, kamfanin jiragen ƙasa na ƙasar, ta nuna musu minti 4 ko 5 tsakanin jirgi da jirgi, sai su ƙi, su nemi mai tazarar awa ɗaya. Tun 1982 aka ɗora jadawalin ƙasar a kan tsarin da jirage ke tashi a lokaci iri ɗaya a kowace awa, suna haɗuwa a manyan tashoshi don fasinja ya sauka nan ya hau can. Minti biyar ɗin da gangan aka yi shi. In ma ya kuɓuce maka, wani na nan bayan rabin awa ko awa ɗaya. Inda ya kamata ka buɗe ido daban ne. Interlaken tasha biyu gare ta, West da Ost, kuma daga Ost ake hawa zuwa tsaunuka. Jirgin da ke tashi daga can yana rabewa biyu a Zweilütschinen, rabi ya nufi Lauterbrunnen, rabi Grindelwald, don haka karanta rubutun jikin taragon kafin ka zauna. Motocin igiya da ke hawa duwatsu kuwa da yawansu suna tashi aiki tun yamma da sauran rana, ka san lokacin ta ƙarshe kafin ka yi nisa.

Game da fas, Swiss Travel Pass ana sayar da shi na kwana 3, 4, 6, 8 ko 15 a jere. Kuskuren shi ne mutum ya sayi na 15, sai ya ji dole kullum ya shiga jirgi don kuɗinsa ya fita. Kuma bai ɗauke duka ba: Rigi da Stanserhorn suna ciki, yawancin sauran duwatsu rabin kuɗi ne, Jungfraujoch kuma kashi 25 cikin 100 kawai ake ragewa daga Wengen ko Grindelwald zuwa sama. Mai zama wuri huɗu ya kwatanta shi da katin rabin kuɗi na wata ɗaya kafin ya biya.

Akwai ƙananan abubuwa da ke sauya tsarin yini, ba a kuma ganinsu a taswira. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, sai na cikin manyan tashoshi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan 9 da rabi na dare, asuba kuma tana shigowa da sauran dare sosai, don haka mai kiyaye sallah barcinsa gajere ne. Ya bar wa kansa hutun rana, kada ya sa jirgin ƙarfe 7 kullum. Daga Afrilu zuwa Mayu, da kuma Nuwamba, motocin igiya da otal-otal da yawa a ƙauyukan dutse suna rufewa don gyara, Glacier Express ma yakan tsaya daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Disamba.

Na ƙarshe, daren komawa. Kada ka kwana a St. Moritz ko Zermatt kana da jirgin sama da safe, kowannensu ya fi awa 3 zuwa Zurich, da sauyin jirgi a hanya. Ka sauko tun jajibiri, ka kwana kusa da babbar tashar Zurich. Daga nan zuwa filin jirgin sama minti goma sha ne, kuma tashar jirgin ƙasan tana ƙarƙashin filin.