Ga masu niyyar kai yara kallon kififfiyar teku a Zanzibar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata Hajiya ta tambayi inda za ta kai yara su ga halittun teku bayan na kogin Rima, to ga shawarata: Nungwi, can ƙarshen arewacin tsibirin Unguja a Zanzibar, ƙasar Tanzaniya.

Wurin da ake kira Mnarani tafki ne na dutse da ruwan teku ke shiga yana fita, mutanen ƙauyen suka kafa shi a 1993 don jinyar kififfiyar da ta faɗa komar masunta. Ana ba yara ciyawar teku su miƙa musu. A riƙe ta da kan yatsu a saki da wuri, don bakinsu na da kaifi. Ku tambayi lokacin cikowar ruwa kafin ku tashi, lokacin tafkin ya fi kyan gani. Daga Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, kusan awa ɗaya da rabi ne a mota.

Takardu su ne abin lura. Bizar ɗan Najeriya sai an tantance ta daga Tanzaniya, ba a bayarwa a filin jirgi, don haka a nema ta intanet tun da sauran lokaci. A haɗa da katin rigakafin shawara, da inshorar dala 44 da hukumomin Zanzibar suka wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024.

Daga Sakkwato sai an bi ta Abuja ko Kano, a sauya jirgi a Addis Ababa. A guji Maris zuwa Mayu, damina ce mai ƙarfi. Abinci kuwa ba damuwa, galibin mutanen wurin Musulmi ne.